Yadda A Ke Zaɓen Takalmin Birki Da Faifansa

Ya kai mai karatu, ka san doki kome kyansa, in ba linzami a bakinsa ba a hawansa a shiga kasuwa. To, mota ma haka ta ke, linzaminta kuwa shi ne birki.

In a Katabu ka ke zaune, ka san halin hanyar nan. Babbar hanyar da ta taso daga Kaduna za ta Zariya da Kano ta nan ta ratsa, ga kuma Mararraban Jos, inda manyan motoci da tankokin mai su kan yi jerin gwano a gefen titi. Mai ƙaramar mota da ke shiga gari kullum, ya wuce Rigacikun ya kai Kawo, ba ya iya ƙidaya sau nawa ya taka birki. Kowane taki kuwa yana cin wani abu kaɗan a jikin birkin. Wata rana sai bakanike ya ce maka, "Maigida, takalmin birki ya ƙare." To, ran nan ne karatun da ka koya zai yi maka rana, domin kayan birki akwai rubutu a jikinsu, wanda ya iya karanta shi kuwa da wuya a cuce shi.

Yadda birki ke aiki

A bayan kowace tayar gaba akwai wani ƙarfe mai kama da faifai, yana juyawa tare da tayar. Bakanikai na ce da shi diski, mu kuwa za mu kira shi faifan birki. A gefensa na ciki da na waje akwai waɗansu abubuwa biyu, kowanne bai fi tafin hannu ba. Su ne takalman birki, waɗansu na ce da su fad. In ka taka birki, sai man birki ya bi ta cikin bututu ya tura su, su matse faifan, tayar ta rage gudu har ta tsaya.

Murza tafin hannuwanka da ƙarfi, za ka ji sun yi zafi. Haka nan duk gudun mota zafi ya ke komawa a jikin faifai. Takalmi da faifai kuwa kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, ana aiki suna cin juna. Da gangan a ka yi takalmin ya fi faifan taushi don shi ya riga ƙarewa, gama shi ya fi araha, ya kuma fi sauƙin sakewa. In mota ta ci birki nauyinta gaba ya ke faɗawa, shi ya sa birkin gaba ya fi na baya wahala, ya fi saurin cinyewa. Waɗansu motoci ma ba faifai a ƙafafunsu na baya, sai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya da a ke kira doram. Wannan irin takalminsa daban ne, ba shi mu ke magana ba a nan.

Wannan dabara ta faifai ta daɗe. Wani Bature na Ingila, Frederick Lanchester, shi ya yi rajistarta a 1902, amma ba ta yaɗu ba sai bayan da kamfanin Citroën na Faransa ya sa ta a motarsa DS a 1955. Motar Peugeot 504 ma, wadda a ka riƙa harhaɗawa a Kakuri bayan an buɗe masana'antar a 1975, faifai ne a ƙafafunta na gaba.

Akwai wani lissafi da ya kamata ka riƙe. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu ya ke yi. Watau motar da ke gudun kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda wa ƙaramar mota a babbar hanya, tana bukatar fili huɗu na wanda za ta bukata a gudun kilomita 50. Ka ga ashe birkin da ya ishe ka cikin unguwa ba lalle ya ishe ka a hanyar Zariya ba.

Yadda za ka san ya ƙare

Ruwa ba ya tsami banza. Takalma da yawa an maƙala musu wani ɗan ƙarfe, in sun cinye sai ya taɓa faifai ya riƙa tsuwwa. Wannan gargaɗi ne. In ka ƙi ji, sai tsuwwar ta koma gurza mai kauri, watau ƙarfe ya gamu da ƙarfe ke nan, faifan ma ya shiga lalacewa. In kuwa sitiyari ko abin takawa na rawa sa'ad da ka taka birki, fuskar faifan ce ba ta daidaita ba. In motar na ja gefe ɗaya, birkin wata ƙafa ya fi na ɗayar kamu.

Amma gani ya kori ji. Ka sa a kwance tayar ka duba da idonka. Naman sabon takalmi, ban da ƙarfen bayansa, ya kan kai milimita 10 zuwa 12. In ya komo milimita 3, watau ya ɗan fi kaurin tsinken ashana kaɗan, lokacin sakewa ya yi.

Zaɓen takalmi

Abu na fari, ya zama na motarka ne. Motoci biyu su kan zama sunansu ɗaya, shekararsu ɗaya, amma birkinsu ya bambanta, zama wata an ƙera ta don Amurka, wata don ƙasar Turai. Saboda haka kada ka je Panteka ko wani kanti ka ce "na Corolla" ko "na Golf" kawai. Kowace motar zamani tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, tana cikin takardun motar, sau da yawa kuma tana ƙasan gilashin gaba. Kwafe ta a takarda ka tafi da ita. Ka tafi da tsohon takalmin kuma, ka ɗora shi bisa sabon ka ga ko sun yi daidai, har kunnuwansu. In an ce sai an goge gefensa da zarto kafin ya shiga, ba naka ba ne, mayar.

Abu na biyu, irin abin da a ka yi shi da shi. Iri uku ne manya. Akwai mai taushi, wanda a ka haɗa da zaruruwa da roba da ƙaro. Ba shi da ƙara, ba ya cin faifai ƙwarai, amma yana saurin ƙarewa, in ya sha zafi kuma ƙarfinsa ya kan ragu. Akwai mai garin ƙarfe a ciki. Shi ya fi jimrin zafi, ya dace da mai ɗaukar kaya da fasinja da mai doguwar tafiya, sai dai ya fi ƙara, ya fi cin faifai. Akwai kuma wanda a ke kira siramik, dangin abin da a ke yin tangaran. Ba shi da yawan ƙara ko baƙar ƙura, yana daɗewa, amma ya fi tsada. Motar zuwa aiki da kai yara makaranta, kowanne cikin ukun nan zai riƙe ta in na kirki ne. In ka rasa na zaɓa, nemi irin wanda masu motar su ka sa mata tun asali.

Abu na uku, karanta rubutun. A bayan takalmi ko gefensa sau da yawa za ka ga haruffa biyu a ƙarshen lamba, kamar EE ko FF ko GG. Harafin fari yana nuna ƙarfin kamunsa sa'ad da bai yi zafi ƙwarai ba, na biyu sa'ad da ya yi zafi. F ya fi E kamu, G ya fi F. In na biyun ya kasa na farin, kamar FE, to, wannan takalmi in ya yi zafi kamunsa raguwa ya ke yi. Kada ka sayi wanda ya kasa na asalin motarka. Wata alamar kuma ita ce harafin E cikin da'ira, da 90R kusa da shi. Wannan shaidar Turai ce, ma'anarta an gwada irin takalmin an ga kamunsa bai bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba.

Amma fa ka sani, masu yin jabu su ma sun iya buga haruffa, sun iya buga sunayen manyan kamfanoni irin su Bosch da Ferodo da Akebono a kwali. Don haka ka dubi kayan kansa. Naman ya manne da ƙarfen bayansa sosai, ba tsaga, ba ɓarɓashi, rubutun kuma ba ya gogewa da yatsa. In kuɗinsa ya faɗi ƙasa ƙwarai da na sauran kantuna, yi hattara, araha ba ta ado. Ka saya wurin mai kanti tsayayye wanda zai ba ka rasit. Takalmin da a ka ciro daga wata mota, wanda a ke kira ɗan Beljiyam, ka bar shi, ba ka san zafin da ya sha ba.

Zaɓen faifai

Ba kullum a ke sake faifai tare da takalmi ba, amma kullum a ke auna shi. A bakinsa ko a cibiyarsa akwai rubutu a sassaƙe. Goge tsatsar ka karanta. A ce ka ga MIN TH 20 MM. Ma'anarsa, in kaurin faifan ya kasa milimita 20 aikinsa ya ƙare. Tsakanin sabo da wanda ya ƙare sau da yawa milimita 2 ne kaɗai, ido ba ya iya rabewa, sai da ma'aunin kauri. A auna daidai inda takalmi ke gogawa, ban da bakin, don bakin ba ya cinyewa. Faifan da ya sirance ba ya ɗaukar zafi, ya kan kuma tsage.

In kauri na nan, fuskarsa kuma sumul ta ke, bar shi. In ya yi zane kaɗan, a kan kai shi inji a share fuskar, muddin ba zai kasa lambar nan ba bayan an share. In ya tsage, ko ya yi kwari mai zurfi, sai sabo. Faifan gaba yawanci kamar biyu ne a manne, da ƙofofin iska a tsakani don ya riƙa hucewa. Na baya sau da yawa falle ɗaya ne. Irin wanda ka cire shi za ka mayar. Faifai mai huje-huje da tsage-tsagen ado a fuska kuwa, motar yau da kullum ba ta bukatarsa, ajiye kuɗinka.

Ko takalmi ko faifai, dama da hagu tare a ke sakewa. In ka sake ɗaya ka bar ɗaya, motar za ta riƙa fizgarka gefe ran da ka taka da ƙarfi.

Ranar ɗaurawa

Tsaya kusa da bakanike sa'ad da ya ke aikin. Sabon faifai da ɗan mai a jikinsa na hana tsatsa, a wanke shi tas. A kankare tsatsar mazauninsa don ya zauna daidai. A shafa maiƙo a ƙusoshin da abin matsewar ke zamewa a kai, domin ƙurar hunturu da taɓon damina su kan sa su cije, takalmi ɗaya ya cinye ya bar ɗaya. Amma kada maiƙo ya taɓa fuskar takalmi ko ta faifai. Kada kuma a busa ƙurar birki da baki ko da iskar famfo. Da can da wani ma'adini mai suna asbestos a ke yin takalma, ƙurarsa na kawo ciwon huhu da sankara. Tarayyar Turai ta hana shi ɗungum a 2005, amma ba duk ƙasashe su ka hana ba. A goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Dubi murfin tulun man birki, za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Abin da a ka rubuta shi za a zuba. Man nan ya kan sha laima daga iska, in ya sha kuwa yana saurin tafasa, birki ya yi lagwaf. A kan sake shi kamar bayan shekara biyu.

In an gama, kafin motar ta motsa, taka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafarka. Sa'an nan ka bi shi a hankali kilomita 200 zuwa 300 na fari, har takalmi da faifai su saba da juna.

To, ɗan'uwa, ka ji yadda abin ya ke. Tafi da lambar shasi, karanta haruffan takalmi, auna faifai, sake dama da hagu tare. Abin da ba ka gane ba tambayi bakanikenka, matambayi ba ya ɓata. Ka tuna ba ranka kaɗai ke bisa birkin nan ba, akwai na iyalinka da ke cikin motar, da na yaron da ke tsallaka titi da tallarsa a ka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, amin.