Abin da Shekarun Uba Ke Rubutawa a Jikin Jariri

Idan aka haifi jariri da wata tawaya, a gidaje da yawa uwa ake fara yi wa kallon tuhuma: ko ta fita da almuru, ko jinin gidansu ne. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Kowane ɗan Adam yana karɓar rubutun gado mai haruffa kusan biliyan 3 daga uwa, da wasu biliyan 3 daga uba, kuma wajen kwafe rubutu mai yawa haka dole a sami tuntuɓen alƙalami. Jariri yakan zo da sababbin sauye-sauye kusan 60 zuwa 70 waɗanda iyayensa ba su gada ba. A 2012 kamfanin deCODE na tsibirin Ayislan ya karanta rubutun gadon iyalai 78, ya tarar mafi yawan sauye-sauyen nan daga uba suke, kuma duk shekarar da uba ya ƙara, sukan ƙaru da kusan biyu. Ƙwayayen mace tun tana cikin mahaifiyarta aka tanade su, amma ƙwayoyin da ke samar da maniyyi rabuwa suke ta yi, kusan duk kwana 16, daga balaga har tsufa. Littafin da aka yi ta kwafewa daga kwafi ba ya rasa wasalin da ya goce.

Mai musu zai ce ga dattijai nan suna haifar 'ya'ya lafiya lau. Gaskiyarsa, domin ƙasa da kashi 2 cikin 100 na rubutun ne ke tsara furotin, don haka yawancin kurakuran sukan faɗa inda ba su cutar da kowa. Sai dai wani lokaci sukan dace da wuri mai muhimmanci: mafi yawan masu fitaccen nau'in wadanci iyayensu tsayinsu daidai ne, sauyin sabo ne, kuma an fi ganinsa a 'ya'yan iyaye maza masu shekaru. Wani zai kawo ciwon Down, wanda haɗarinsa ke ƙaruwa da shekarun uwa. Hakan ma gaskiya ne, kuma ba na ɓoye shi, amma wannan ƙarin ƙunshin gado guda ne sukutum, ba gocewar harafi ba. Sikila kuwa, da ta addabi gidajenmu, sauyin harafi ɗaya ce da ya auku dubban shekaru da suka wuce, kuma ba ta kama yaro sai uwa da uba kowa ya ba da nasa kason.