Masu Ƙyanƙyasar Kifin Salmon a Yammacin Amurka

Salmon kifi ne da ke fara rayuwa a rafi mai sanyi, ya gangara teku ya girma, sannan ya dawo rafin da aka ƙyanƙyashe shi don hayayyafa. A gaɓar yammacin Amurka, daga wannan hayayyafa sai mutuwa. A kan wannan doguwar tafiya aka gina sana'ar ƙyanƙyasar salmon, tun 1872 da Livingston Stone ya buɗe gidan ƙyanƙyasa na farko a Kogin McCloud na Kalifoniya. Sana'ar ta bunƙasa ne da aka daddatse koguna. Madatsar Grand Coulee da aka kammala a 1942 ta toshe wa kifin hanyar saman Kogin Kolumbiya baki ɗaya, sai gidajen ƙyanƙyasa suka zama diyya.

Da kaka aikin yake kankama. Ma'aikaci zai shiga ruwa mai tsananin sanyi, yana ɗaga matan kifin ɗaya bayan ɗaya yana taɓa cikinsu. Da hannu yake gane wadda ƙwanta ya nuna. Sai a kashe ta, a zube ƙwan a mazubi, a tatso ruwan namiji a gauraya. Daga nan a jera ƙwan a farantan da ruwa ke ratsawa dare da rana, ana tsince duk wanda ya yi fari kada ya lalata sauran. Idan 'ya'yan suka tasa, a mai da su dogayen kwatami na siminti ana ciyar da su. Kafin a sake su, akan yanke wani ɗan ƙaramin fiffike da ke kusa da wutsiya, don masunci ya bambance na gida da na daji. Mai kiwon tarwada a ƙasar Hausa zai gane rabin aikin nan, sai dai shi yana sayar da abin da ya raina, su kuwa kogi suke sakar wa nasu.

A nan muhawara take. Masana da dama sun nuna cewa kifin da ya tashi a kwatami ba ya hayayyafa a rafi kamar ɗan daji. Idan suka cuɗanya, yakan raunana zuriyar daji, ya kuma yi gogayya da ita wajen abinci. Masu kare sana'ar kuwa suna nuni da Tafkin Redfish na jihar Aidaho, inda a 1992 namiji ɗaya tak na jinsin sockeye ya dawo. Da ba a daskarar da ruwansa an ci gaba da rainon jinsin ba, da wuya ya kai yau. Ƙabilun asali irin su Nez Perce da Yakama, waɗanda salmon ke cikin abincinsu da ibadarsu, su ma suna da gidajen ƙyanƙyasa nasu.

Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Ma'aikatan nan sun cancanci yabo, domin sun riƙe irin da ya kusa ɓacewa. Amma ƙyanƙyasa ba ta buɗe hanyar da aka toshe. A 2024 aka kammala rushe madatsu huɗu a Kogin Klamath, kuma cikin shekarar salmon ya haura wuraren da ya yi fiye da shekara ɗari bai taka ba. Saboda haka gyaran kogi shi ne babban aiki, gidan ƙyanƙyasa mataimaki ne kawai.