Shekarar 1994 a Kamfanin Disney: Finafinai, Talbijin da Matsayin Harsunan Afirka

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin harshe sun saba neman manufar harshe a cikin kundin tsarin mulki da takardun ma'aikatun ilimi. Sai dai akwai wasu wurare da ake yanke hukunci a kan harshe ba tare da an kira abin da wannan suna ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne babban kamfanin shirya finafinai, inda a kowace shekara ake zaunawa a tsara abin da za a fitar, da waɗanda za a fitar dominsu, da kuma irin bakin da za a yi masu magana da shi. Wannan maƙala za ta dubi abin da kamfanin Disney na ƙasar Amurka ya fitar a shekarar 1994, a silima da bidiyo da talbijin. An zaɓi wannan shekara ne saboda a cikinta ne kamfanin ya fitar da The Lion King, wato Sarki Zaki, fim ɗin zane da aka gina labarinsa a dajin Afirka. Manufar ita ce a nuna cewa jadawalin kamfani irin wannan tsarin kasuwa ne, kuma tsarin harshe ne a lokaci guda.

2.0 Kamfanin da Rassansa

Walt Disney da wansa Roy ne suka kafa kamfanin a shekarar 1923 a jihar Kalifoniya. Shekaru da dama sunansa bai rabu da finafinan yara ba, kuma wannan suna shi ne babban jarinsa. Da kamfanin ya so shiga kasuwar manya, sai ya ga bai dace a ɗora sunan da iyaye suka amince da shi a kan fim mai ashar ko zubar da jini ba. Saboda haka aka buɗe reshen Touchstone a 1984, aka ƙara da Hollywood Pictures a 1989, sannan a 1993 aka sayi kamfanin Miramax, wanda ya yi suna wajen rarraba finafinan ƙananan masu shiryawa.

Ke nan a 1994 gida ɗaya ne mai ƙofa huɗu, kowace da irin baƙin da take karɓa. Wannan rabo yana da alaƙa da harshe kai tsaye, domin a tsarin tace finafinai na Amurka, yawan ashar da batsa na cikin abubuwan da ake dubawa kafin a ba fim matsayi. Fim mai alamar G kowa na iya kallonsa. Mai alamar R kuwa ba a shigar da wanda bai kai shekara 17 ba sai tare da babba.

3.0 Jadawalin Shekarar

3.1 Silima

A Amurka lokuta biyu ne suka fi tsada a kasuwar silima: hutun makarantu na tsakiyar shekara, da kuma makwannin da ke tsakanin Nuwamba da Kirsimeti. A na farkon aka sa The Lion King, wanda Roger Allers da Rob Minkoff suka ba da umarninsa. An fara nuna shi a gidajen silima biyu ranar 15 ga Yuni, sannan aka baza shi ko'ina ranar 24 ga watan. Ya tara fiye da dala miliyan 760 a faɗin duniya a fitowarsa ta farko, wanda ya sa ya zama fim ɗin da ya fi kowane samun kuɗi a duniya cikin finafinan shekarar. A lokaci na biyu kuwa, wato ranar 11 ga Nuwamba, aka fitar da The Santa Clause, fim ɗin barkwanci na Kirsimeti wanda Tim Allen ya ja ragamarsa.

Tsakanin waɗannan biyu aka sa finafinan manya da ake neman lambar yabo da su. A Satumba Hollywood Pictures ya fitar da Quiz Show na Robert Redford, wanda ya ba da labarin maguɗin da aka yi a gasar kacici-kacici ta talbijin a shekarun 1950, Touchstone kuma ya fitar da Ed Wood na Tim Burton. A Oktoba Miramax ya fitar da Pulp Fiction na Quentin Tarantino, wanda tun a watan Mayu ya lashe babbar lambar bikin finafinai na birnin Cannes a Faransa. Fim ne na 'yan daba, bakin 'yan wasansa cike da ashar, kuma alamar R aka ba shi. An kashe masa dala miliyan takwas da 'yan kai, ya dawo da sama da miliyan 200. Mai kallo da yawa bai san cewa kuɗin tikitin wannan fim da na Sarki Zaki aljihu ɗaya suke shiga ba.

3.2 Bidiyo da Talbijin da Dandamali

Ba a silima kaɗai aka ci kasuwar shekarar ba. A watan Afrilu aka buɗe wasan kwaikwayon Beauty and the Beast a dandamalin Broadway da ke birnin Niyu Yok, wanda aka ɗauko daga fim ɗin zane na 1991. A watan Mayu aka fitar da The Return of Jafar, ci gaban labarin Aladdin na 1992, kai tsaye a kaset ɗin bidiyo ba tare da ya bi ta silima ba. Nasarar da ya samu ta buɗe wa kamfanin wata hanya da ya daɗe yana bi daga baya. A Oktoba kuma aka sa Snow White na 1937 a kaset karo na farko.

A talbijin, an fara shirin zane na Aladdin mai dogon zango, sannan a Oktoba aka fara Gargoyles, wanda labarinsa ya fi na sauran shirye-shiryen yara na kamfanin duhu da nauyi. A ɓangaren manya, shirin barkwanci na Home Improvement, wanda reshen talbijin na Touchstone ke shiryawa tashar ABC na nunawa, yana cikin waɗanda aka fi kallo a ƙasar a wancan lokaci. A nan ne ake ganin yadda rassan ke yi wa juna hidima. Tim Allen, tauraron shirin, shi ne tauraron The Santa Clause. Jonathan Taylor Thomas kuwa, wanda ya fito a matsayin ɗansa a shirin, shi ya yi muryar Simba yana ƙarami. A 1995 kamfanin ya ba da sanarwar sayen tashar ABC ɗin dungum, tare da uwar kamfaninta, a kan dala biliyan 19.

3.3 Shugabanci

Shekarar ta zo wa shugabannin kamfanin da girgiza. Ranar 3 ga Afrilu Frank Wells, na biyu a shugabanci, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a jihar Nevada. A watan Yuli aka yi wa babban shugaba Michael Eisner tiyatar zuciya. Jeffrey Katzenberg, shugaban sashen finafinai, wanda a ƙarƙashinsa sashen zane ya farfaɗo, ya nemi kujerar Wells bai samu ba, ya bar kamfanin, ya haɗu da Steven Spielberg da David Geffen suka kafa DreamWorks a watan Oktoba. Duk da haka jadawalin bai tsaya ba, domin fim ɗin zane yakan ɗauki shekaru ana aikinsa. Masu zanen Sarki Zaki tun a 1991 suka ziyarci gandun dajin Hell's Gate da ke Kenya don nazarin ƙasa da dabbobi.

4.0 Harshe a cikin Sarki Zaki

4.1 Sunaye

Yawancin sunayen dabbobin fim ɗin daga harshen Suwahili aka aro su. Simba na nufin zaki. Rafiki na nufin aboki, Sarabi kuma kawalwalniya, kuma duka biyun Suwahili ya aro su ne daga Larabci. Pumbaa aikatau ne mai ma'anar yin wauta ko shiririta. Shenzi, sunan shugabar kuraye, kalma ce ta raini da ake jifar wanda ake ganin bai waye ba da ita. Abin lura shi ne, ga mai jin Suwahili waɗannan kalmomin yau da kullum ne masu bayyana halin mai sunan tun kafin ya buɗe baki, kamar yadda Bahaushe kan gane halin kura a tatsuniya da zarar an ambace ta. Ga ɗan Amurka kuwa sauti ne kawai mai ƙamshin wata ƙasa. Ma'ana ta tsaya a gida, amo ne ya yi tafiya.

Haka abin yake ga furucin hakuna matata, wanda ke nufin babu damuwa, kuma aka yi wa wata waƙar fim ɗin take da shi. A 1994 kamfanin ya nemi a yi masa rajistar furucin a matsayin alamar kasuwanci ta tufafi a Amurka, aka kuma ba shi a 2003. Da labarin ya bazu a 2018, dubban mutane suka sa hannu a takardar koke, suna tambayar yadda za a yi kamfani ya mallaki maganar da miliyoyin mutane ke yi a Gabashin Afirka.

4.2 Waƙa

Muryar da ta buɗe fim ɗin ta Lebohang Morake ce, mawaƙi ɗan Afirka ta Kudu da aka fi sani da Lebo M, kuma da harshen Zulu ya rera. Ke nan dajin na Kenya ne, sunayen na Suwahili, waƙar buɗewa ta Zulu, alhali tsakanin ƙasashen masu harsunan nan biyu akwai dubban kilomita. An haɗa su ne bisa ɗaukar Afirka tamkar gari ɗaya. Fim ɗin ya lashe lambobin Oscar biyu a 1995, ɗaya ta kiɗa ga Hans Zimmer, ɗaya ta waƙa ga Elton John da Tim Rice.

Akwai kuma batun haƙƙi. An yi amfani da wani yanki na waƙar The Lion Sleeps Tonight, wadda asalinta Mbube ce, waƙar da Solomon Linda, Bazule, ya ɗauka a faifai a 1939 a Johannesburg. Linda ya mutu a 1962 cikin talauci. A 2004 magadansa suka kai ƙarar kamfanin kotu a Afirka ta Kudu, aka yi sulhu a 2006 da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙar, aka amince za a riƙa biyan su.

4.3 Karin Harshe

Maganar da ke ɗauke da labarin duk da Ingilishi aka yi ta, amma ba da kari ɗaya ba. Simba, jarumin labarin, yana magana da daidaitaccen Ingilishin Amurka. Mufasa, mahaifinsa, wanda James Earl Jones ya yi wa murya, shi ma haka. Scar kuwa, ƙanen Mufasa wanda ya kashe shi ya ƙwace sarauta, Jeremy Irons ne ya yi masa murya da karin manyan Ingila, duk da cewa shi da Mufasa ciki ɗaya suka fito. Kurayen da ke yi masa aiki, Whoopi Goldberg da Cheech Marin ne suka yi wa biyu daga cikinsu murya, ana jin alamun karin baƙaƙen fatar Amurka a bakin ta farko, da na 'yan asalin Meziko a bakin na biyu. Rafiki, birin da ke matsayin boka, shi aka bar wa lafazi mai kama da na Afirka.

Rosina Lippi-Green, a littafinta na 1997 kan karin harshe da wariya a Amurka, ta nazarci 'yan wasa 371 a finafinan zane 24 na kamfanin. Ta gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na masu lafazin baƙi mugaye ne, alhali a cikin masu Ingilishin Amurka kusan kashi 20 ne kawai. Gaskiya ne ba kowane mai baƙon kari ne mugu ba. Zazu, tsuntsun da ke wa sarki fadanci, da karin Ingila yake magana kuma na kirki ne. Amma idan yaro ya kalli kaset sau ashirin, yakan koyi irin bakin da sarki ke da shi da irin wanda ɓarawo ke da shi, tun kafin ya shiga aji.

5.0 Fassara

A shekarar 1994 ɗin aka ɗora wa fim ɗin murya da harshen Zulu, wanda ya zama karo na farko da kamfanin ya yi haka da wani harshe na Afirka kudu da Sahara. Lokacin yana da muhimmanci. A watan Afrilun shekarar aka yi zaɓen farko na kowa da kowa a Afirka ta Kudu, a watan Mayu aka rantsar da Nelson Mandela, kuma tsarin mulkin riƙo da ya fara aiki ya amince da harsuna 11 a hukumance. Ƙasar tana da gidajen silima da ɗakunan ɗaukar murya. Suwahili, wanda ya ba da sunayen, bai samu wannan gata a shekarar ba.

Misalai biyu daga wasu wurare na ƙara fito da batun. An fassara fim ɗin zuwa Larabci da karin Masar, inda ɗan wasan barkwanci Muhammad Hinaidi ya yi muryar Timon. Da kamfanin ya koma amfani da daidaitaccen Larabci a wajajen 2012, masu kallo suka yi ta ƙorafi cewa barkwancin ya mutu, har aka dawo da karin Masar a wasu finafinai daga baya. A 2022 kuma aka fitar da fassarar Sarki Zaki cikin harshen Maori na ƙasar Niyu Zilan, inda masu fassarar, waɗanda 'yan harshen ne, suka raba wa rukunonin dabbobi kare-karen harshensu daban-daban da gangan, don a ji su duka a raye. Dabarar da a Ingilishi ta zama hanyar fifita wani baki a kan wani, a hannunsu ta zama hanyar adana kare-karen harshe.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi jadawalin kamfanin Disney na 1994, ta nuna yadda aka raba masu kallo tsakanin rassa huɗu, da yadda silima da bidiyo da talbijin ke tallafa wa juna. Ta kuma nuna matakai uku da harshen Afirka kan tsaya a irin wannan kasuwa: ya ba da suna, ya ba da waƙa, ko ya ɗauki labarin gaba ɗaya. Matakai biyun farko ba sa buƙatar komai sai ƙamus da mawaƙi. Na ukun yana buƙatar kasuwa da ƙwararrun masu fassara da kuma masu harshen da za su tsaya a kansa.

Batun ya shafi Nijeriya. A 2024 kamfanin ya fitar da Iwaju tare da kamfanin Kugali, shirin zane da aka gina a Legas, takensa na Yarabanci, amma yawancin maganarsa Ingilishi ce. A ɗaya gefen, ƙananan kamfanoni a Kano sun daɗe suna ɗora wa finafinan Indiya murya da Hausa, kuma jama'a na saye, abin da ke nuna cewa masu sauraro suna nan. Abin da ya rage ga manazarta shi ne su ɗauki wannan fage a matsayin fagen bincike: wane kari ake ba jarumi, wane ake ba wawa, kuma wa ke yanke hukuncin. Masu iya magana kan ce, in kana da kyau ka ƙara da wanka. Harsunanmu suna da masu magana miliyoyi. Abin da za a ƙara masu shi ne horar da masu fassarar fim a sassan harsuna na jami'o'inmu, tun kafin wasu su zaɓa mana bakin da 'ya'yanmu za su ji sarki yana magana da shi.