Kada Mu Yi Saurin Jefar Da Tsohuwar Kwamfuta

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Mu kuwa galibinmu na hannu muke saye. To, ina mafita?

Akwai Linux, manhajar kyauta wadda Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya soma a 1991. A da matasanmu suna gudunta, don yawancin wasanni ba sa tashi a kanta. Amma a 2018 kamfanin Valve na Amurka ya fito da Proton, mai yi wa wasannin Windows tafinta, sai ga dubbansu suna aiki, wasu ma ba a gane bambanci.

Sai dai a yi hattara. Wasu, irin su Fortnite, ba sa yarda da Linux. Tabarau mai sa mutum ya ga kansa cikin wasa kuwa yana son hotuna kamar 90 kowace daƙiƙa. In kwamfuta ta gaza, sai jiri da tashin zuciya. Wannan ba aikin tsohuwa ba ne.

Shawararmu ita ce a fara gwada Linux daga filashi kafin a goge komai.