Yadda Kyamarar Waya Ke Gyara Sakin Ƙwallo A Wasan Bolin Na Hannu Biyu

Matashin da ke zaune a Zuru yana latsa waya, ba wuya ya ci karo da wani gajeren bidiyo a TikTok ko YouTube: mutum ya rungumi ƙwallo mai nauyi da hannu biyu, ya sunkuya, ya sake ta a kan wani dogon layin katako. Ƙwallon ta nufi gefe kamar za ta faɗa kwata, sai can kusa da ƙarshe ta lanƙwaso ta watsar da sanduna goma a lokaci ɗaya. Wannan shi ne wasan bolin, kuma sirrin lanƙwasar yana cikin abin da yatsu biyu suka yi a lokacin sakin ƙwallon, cikin ƙiftawar ido. Ido ba ya iya bin wannan motsi, amma kyamarar waya tana iyawa.

Daga ina salon ya fito?

Wanda ya fi kowa fito da salon hannu biyu shi ne Jason Belmonte, ɗan Ostareliya da aka haifa a garin Orange a 1983. Iyayensa suna da gidan wasan bolin, ya fara gangara ƙwallo tun yana ɗan wata 18. Da yake ta fi ƙarfinsa, sai ya riƙa turawa da hannu biyu, kuma ya girma bai daina ba. An sha yi masa dariya, wasu ma sun kira salon maguɗi. A 2019 ya ci babban kofinsa na 11 a gasar ƙwararru ta PBA a Amurka, ya wuce tarihin kofi 10 na Earl Anthony da Pete Weber, daga baya ya kai 15. Osku Palermaa na Finlan, Jesper Svensson na Suwidin da Anthony Simonsen na Amurka duk da wannan salo suka yi suna. Simonsen yana ɗan shekara 19 ya lashe gasar USBC Masters a 2016.

Sunan salon yana ɗan ruɗar mutane. Hannu biyun suna riƙe ƙwallon ne yayin lilo kawai. Kafin saki, hannun tallafi yakan janye, hannu ɗaya ne ke sakewa. Babban yatsa ba ya shiga rami, yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami kaɗai ke ciki. Shi ya sa tun 1 ga Agustan 2020 dokar hukumar USBC ta Amurka ta ce duk ramin da ba a sa yatsa a ciki ba haramtacce ne, don haka ƙwallon mai wannan salo rami biyu gare ta.

Me ya sa juyi ke da muhimmanci?

Tsawon layin daga inda ake saki zuwa sandar farko mita 18.29 ne, kuma ana shafa mai a wajen kashi biyu cikin uku na farkonsa. A kan man, ƙwallo santsi take yi tana juyi a banza. Da ta fita daga man ta taka busasshen katako, sai juyin ya kama ƙasa ya karkatar da ita. Mai amfani da hannun dama yana so ta shiga tsakanin sanda ta 1 da ta 3 a karkace, kusurwar da aka fi so kuwa wajen digiri 6 ce. Masu wasan nishaɗi da hannu ɗaya ba su cika wuce juyi 300 a minti ba, Belmonte kuwa yakan kai 600.

Anan sabon shiga ke faɗawa tarko. Ya ga juyi ne ke kawo lanƙwasa, sai ya riƙa murɗa ƙwallon da ƙarfin kafaɗa. Sakamakon shi ne ƙwallo ta tafi inda ta ga dama, shi kuma ya kwana da ciwon baya da na wuyan hannu. Ƙwallon bolin tana iya kai kilo 7.26, kuma mai hannu biyu yana sunkuyawa fiye da kowa, don haka kuskuren da aka maimaita sau ɗari yana iya zama jinya.

Saita wayar

Bidiyo na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a daƙiƙa. Ƙwallon da ke juyi 480 a minti tana zagayawa sau 8 a daƙiƙa, wato kowane zagaye bai kai hoto huɗu ba. Da wannan ba a ganin komai sai dusu-dusu. Abin da ake buƙata shi ne yanayin ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, wanda iPhone ke kira Slo-Mo. Tun iPhone 6 na 2014 ake samun hoto 240 a daƙiƙa, kuma da yawan wayoyin Android na matsakaicin kuɗi, har da wasu samfuran Tecno da Infinix, suna ba da 120 ko 240. Ya kamata a duba saitin kyamara a tabbatar da adadin, domin duk lissafin a kansa ya dogara. Wasu wayoyin da ke tallan 960 manhaja ce ke ƙirƙiro hotunan tsakiya, irin wannan ba ya da amfani wajen awo.

Ana ɗauka daga wuri biyu. Na farko daga baya, wayar tana ƙasa daidai gwiwa, tana kallon hannun da ke saki. Na biyu daga gefe, ta yadda za a ga ƙafa da hannu tare. A ɗora wayar a kan mariƙi mai ƙafa uku, ko a jingina ta da wani abu, domin hannun aboki yana rawa. Haske kuma dole ya wadata. Wutar lantarkin Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wasu ƙwayayen fitila ke ƙyafta ido a irin wannan bidiyo. Hasken rana ya fi.

Lissafin da kowa zai iya

A manna farin salatif a jikin ƙwallon a inda kyamara za ta gan shi. Bayan an ɗauka, a riƙa matsa bidiyon hoto ɗaya-ɗaya, a ƙirga hoto nawa salatif ɗin ya ci kafin ya dawo inda ya fara, a daidai bayan saki. Idan wayar 240 take ɗauka, a raba 14,400 da adadin da aka samu. Hoto 48 na nufin juyi 300 a minti, hoto 30 na nufin 480, hoto 24 kuma 600. Mai wayar 120 sai ya raba 7,200.

Gudu ma haka ake auna shi. Idan ƙwallo ta ci daƙiƙa 2.4 daga saki zuwa sandar farko, gudunta ya kai kusan kilomita 27 a awa. A kwamfuta, manhajar VLC tana matsa hoto ɗaya idan aka danna harafin E, Kinovea kuma kyauta ce, tana ba da damar zana layi da auna kusurwa a kan bidiyo. Mai son rubuta manhaja zai iya gwada MediaPipe na Google, wanda ke gano gaɓoɓi 33 a jikin mutum, ya sa kwamfuta ta riƙa fitar masa da kusurwar gwiwar hannu a kowane hoto. Wani abin lura: WhatsApp yana matse bidiyo, don haka a tura shi a matsayin fayil.

Kurakurai uku da bidiyo ke tonawa

Na farko, hannun tallafi ya makara. A bidiyon gefe, hannun hagu na mai amfani da dama ya kamata ya bar ƙwallon kafin ta iso idon sawun ƙafar gaba. Idan yana nan har lokacin saki, yakan ture ta daga hanya.

Na biyu, juya hannu da wuri. A bidiyon baya, a ɗauki ƙwallon kamar fuskar agogo. Yatsu su kasance a ƙasa, wajen ƙarfe 6, har ƙwallon ta iso ƙafa, sannan su zame zuwa wajen ƙarfe 4. Idan sun riga sun koma gefe tun hannu yana baya, gwiwar hannu za ta buɗe ta bar jiki, ƙwallon kuma ta yi juyin katantanwa wanda ba ya kama katako.

Na uku, rashin jituwar ƙafa da hannu. Ƙafar gaba ta fara tsayawa, sannan ƙwallo ta wuce. Idan ƙwallon ta riga ƙafa, jiki ba ya da madogara, sai baya ya ɗauki nauyin.

Ƙa'idar gyara ita ce abu ɗaya a lokaci ɗaya. A ɗauki jifa goma, a rubuta lambobin, a gyara kuskure guda, a sake ɗaukar goma. Wanda juyinsa ke tsayawa tsakanin 340 da 360 kullum ya fi wanda yau 450 gobe 280, domin na farkon ya san inda ƙwallonsa za ta faɗa.

Atisaye a tsakar gida

Gidajen wasan bolin a manyan birane irin su Abuja da Legas suke, kuma kuɗin wasa ake biya. Wanda zai taso daga Zuru ya bi ta Rijau da Kontagora da Minna kafin ya kai Abuja, asara ce ya je yana koyon riƙo a kan layin da ya biya. Ana iya fara koyon motsin a gida da ƙwallon ƙafa, farin salatif da katifa jingine da bango. Mai atisaye ya durƙusa a kan gwiwar dama, ƙafar hagu a gaba, ya yi lilo sau ɗaya, ya janye hannun tallafi, ya bar ƙwallon ta gangaro daga tafin hannu zuwa kan yatsu. Ƙwallon ƙafa ba ta kai rabin kilo ba, don haka motsi kawai take koyarwa, nauyi sai an je layin gaske. A can ma gara a fara da ƙwallo mara nauyi sosai.

Dabarar ba ta tsaya ga bolin ba. Ɗan kokawar da ke shirin bikin Uhola zai iya ajiye waya a gefen fili ya ga a wane hoto ƙafarsa ta bar ƙasa kafin a kayar da shi, mai bugun fanareti kuma ya ga inda ƙafarsa ta taɓa ƙwallo. A manyan cibiyoyin horo na Amurka, na'urar Specto ta kamfanin Kegel ce ke bin ƙwallo da hasken laser tana fitar da lambobi. Mai waya a Zuru ba zai samu duk waɗannan lambobin ba, amma zai samu juyi, gudu da lokacin saki, kuma su ukun sun ishi mai koyo aikin watanni.