Murya kafin situdiyo: Yadda sabon mawaƙi zai koyi rera waƙa a ƙasar Shata da Barmani Choge

Idan kaka ta yi a Maska da ƙauyukan da ke kewaye da Funtua, aka kai buhunan masara da waken suya kasuwa, ba babur da sabuwar waya kaɗai samari ke sa wa ido ba. Akwai waɗanda suka kwashe damina suna rubuta baituka a bayan tsohon littafin makaranta, suna jiran ranar da kuɗin situdiyo zai haɗu su je su ɗora murya.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Mai kiɗa ya haɗa kiɗa a fiyano, matashi ya shiga ɗakin ɗaukar murya, ya rera layi ɗaya numfashi ya ƙare, a tsaya, a sake. A yanko nan a liƙa can, kwamfuta ta miƙe duk inda muryar ta karkace. Da yamma waƙa ta fito tas, ta zagaya WhatsApp, 'yan uwa su yi ta sa albarka.

Sai ranar da aka gayyace shi biki aka miƙa masa makirufo, babu kwamfuta a kusa. Kafin baiti na biyu ya ƙare muryar ta soma rawa, kafin a tashi ta dishe. Da yawa daga nan suke haƙura, su ce ba su da baiwa. Alhali abin da ba su samu ba shi ne horo, kuma wannan yanki ya daɗe da sanin yadda ake ba da shi.

Shin Shata ya je makarantar waƙa?

Duk wanda ya ce a koyi murya a Funtua, amsar farko da zai ji ita ce sunan Alhaji Mamman Shata. Gaskiya ne bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, kuma babu wani ubangida a kiɗa da ya zauna a gabansa. Amma mutumin da aka haifa a Musawa a 1923 ya yi ƙuruciyarsa yana talla a kasuwanni yana waƙa a dandali, ya zauna a Bakori kafin Funtua ta zama gidansa. Mai talla dole muryarsa ta ratsa hayaniyar kasuwa, mai waƙar dandali kuwa a take yake gane ko jama'a na tare da shi. Ya kusa shekara 30 a duniya lokacin da bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano a 1952 ya ƙara fito da sunansa. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988 ya zo ne bayan shekaru da dama na rera waƙa a fili, a gaban mutane, kalangu na kaɗawa a bayansa.

Hajiya Barmani Choge, 'yar Gwaigwaye da ke kusa da Funtua, wadda ta rasu a 2013, ita ma a cikin taron mata ta gina tata muryar: biki, suna, ƙwarya a kife a kan ruwa, mata na amsawa. Taron amada yakan ɗauki sa'o'i, kuma wadda ba ta iya tattalin numfashinta ba ba za ta kai ƙarshensa ba.

A gidajen da ake gadon kiɗa kuwa tsarin ya fi fitowa fili. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya fara bin mahaifinsa wajen kiɗan noma tun yana yaro, ya yi shekaru a bayan yayansa, sannan ya ja ragamar ƙungiya. Hanyar ita ce amshi.

Amshi darasin murya ne cikakke, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. Ɗan amshi yana maimaita layi ɗaya sau da yawa a dare guda, dole ya faɗo daidai kan kiɗa, dole muryarsa ta haɗu da ta 'yan uwansa kada ta yi sama ko ƙasa. Yana ganin inda jagora ke satar numfashi, da yadda yake sauke murya idan ya gaji ya bar 'yan amshi su riƙe masa waƙar. Idan ya kauce, harara ɗaya ta ishe shi gyara.

Wuraren wannan koyo sun ragu. Gangar noma ba ta cika tashi a gayya kamar da ba, injin niƙa ya tafi da waƙoƙin niƙa, dandali ya yi sanyi, matsalar tsaro kuma ta sa ƙauyuka da dama sun rage taron dare. A gefe guda ga misalin Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, da ke nuna wa samari cewa waƙa na iya sauya rayuwar ɗan ƙauye. Buri ya ƙaru, makarantar ta ragu.

Abin da ya cike gurbin shi ne manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a Amurka a 1997 don gyara ɗan kuskuren murya, ta kuma zama kamar gishiri a situdiyoyin Arewa. Tana gyara sautin da aka ɗauka, amma ba ta bin mawaƙi zuwa filin biki.

Abin da ke faruwa a maƙogwaro

A cikin maƙogwaro, bayan ƙashin nan da ke motsi idan ana haɗiya, akwai wasu siraran tsokoki guda biyu masu laushi, tsawonsu bai wuce santimita biyu da ɗoriya ba. Iskar da ke fitowa daga huhu ce ke kaɗa su su riƙa haɗuwa suna rabuwa: kusan sau 120 a sakan ɗaya a maganar namiji baligi, sau 200 ko fiye a ta mace. Idan aka ɗaga murya sama, adadin ya ninka.

Ƙarfin murya daga numfashi yake zuwa. Sabon mawaƙi yakan ja iska ya ɗaga kafaɗu, ya cika saman ƙirji, sannan ya matse wuya don sauti ya fito. Jijiyoyin wuyan da ake gani sun miƙe alama ce ta cewa maƙogwaro na ɗaukar kayan da ba nasa ba. Malaman murya suna fara darasi ne da gyara wannan: mutum ya kwanta rigingine ya ɗora hannu a ciki, ya ja numfashi har hannun ya taso, haƙarƙari su buɗe, sannan ya saki iskar a hankali yana cewa “sss” yana ƙirga yadda za ta kai. Bayan wasu makonni ƙirgen yakan ƙaru, kuma layin da a da ake yankawa biyu sai ya fita a numfashi ɗaya.

Sai ɗumama murya. Manomi ba ya fara huɗa da gudu, haka ita ma murya. Minti biyar zuwa goma na rera “mmm” da baki a rufe, da kaɗa leɓe kamar yaro mai kwaikwayon ƙarar babur, ana hawa ana sauka a hankali, sun isa. Wani masanin kimiyyar murya a Amurka, Ingo Titze, ya yaɗa dabarar rera sauti ta cikin siririn bututun roba na shan lemo, domin iskar da ke komawa baya tana rage wa tsokokin nan gogayya. Bututun lemo dai ba ya wuyar samu a kowane shago.

Minti 15 ko 20 kullum sun fi sa'a uku a rana ɗaya. Kuma wayar da ake kallon TikTok da ita malama ce idan aka juya ta: mutum ya ɗauki muryarsa ba kiɗa, ya saurara. Karon farko babu daɗi, kowa yakan ji kamar ba muryarsa ba ce, amma a nan ne ake jin inda ake kaucewa da inda ake haɗiye ƙarshen kalma.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne aron murya. Yaro mai kakkaurar murya ya dage sai ya yi siririya irin ta waƙoƙin fim, ko mai siririya ya riƙa ƙaƙaro kauri don ya yi kama da Shata. Kowace murya tana da iyakarta ta sama da ta ƙasa. Hakkin mawaƙi ne ya ce wa mai fiyano ya sauke kiɗan ko ya ɗaga shi zuwa inda muryarsa ke zaune, ba shi ya bi kiɗan da aka riga aka haɗa wa wani ba. Yaran da muryarsu ke fashewa a lokacin balaga kuwa, haƙuri ne nasu: a ci gaba da rerawa a hankali, kada a tilasta ta koma yadda take.

Darasin da bidiyon Turawa ba ya koyarwa

YouTube cike yake da darussan murya kyauta, kuma abin da suke faɗa kan numfashi da ɗumama murya yana aiki a kowane harshe. Sai dai Turanci ba ya bambanta ma'anar kalma da hawa da saukar murya yadda Hausa ke yi. Kukan hawaye daban, kukar miya daban. Baba mahaifi, baba uwa, da baban rini, rubutu ɗaya ne, karin sauti ne ya raba su. Gari na zama da garin tuwo kuma tsawon wasali ne ya bambanta su.

Mawaƙin da ya ɗora baitinsa a kan karin waƙar Indiya ko ta Legas ba tare da ya kula ba, yakan ja gaɓar da ba a ja, ya ɗaga wadda ake saukewa. Mai sauraro ba zai iya faɗin sunan kuskuren ba, amma zai ce waƙar ba ta zauna ba. Dalilin da ya sa har yau tsoho da yaro ke jin kowace kalma a waƙoƙin Shata da Barmani ke nan: karin waƙarsu daga karin magana ya taso. Maganin mai sauƙi ne. A karanta baitin da babbar murya kamar ana yi wa wani magana, sau da yawa, a ji inda harshe da kansa yake hawa da sauka, sannan a nemo masa kari.

A nan ɗaliban Islamiyya suna da riba. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kuma malamai suna tsayawa kan wannan bambanci. Amma wanda ya yi tajwidi ya riga ya san mafitar kowane harafi, ya san auna tsawon ja, ya san inda ake tsayawa a ja numfashi, ya kuma saba malami ya dakatar da shi ya ce sake. Waƙoƙin makaranta da ƙasidun da ake rerawa a ƙungiya su ma amshi ne ta wata fuska.

Hunturu, ƙaiƙayi da maganin murya

Lokacin da kuɗin situdiyo ke samuwa shi ne kuma lokacin da ya fi wahalar da maƙogwaro. Hunturu na busar da iska, ƙura ta taso, ga ƙaiƙayin sussuka da shiƙa, ga ƙurar auduga, ga hayaƙin ƙona gona. Kuma a wannan lokaci ne bukukuwa ke yawa. Tsokokin murya na buƙatar laima, don haka shan ruwa a kai a kai tun safe, da rufe hanci da baki wajen aikin ƙura, sun fi duk wani haɗi da za a sha daf da hawa dandamali.

Citta, kanumfari, zuma, masoro, kowane mawaƙi da nasa sirrin. Suna sanyaya maƙoshi, ba laifi. Amma abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tsokokin murya, domin da ya taɓa su da an ƙware. Alewar nan mai sanyi da ake tsotsa kuwa tana iya ɓoye zafi, mutum ya ci gaba da ihu a kan rauni. Tururin ruwan zafi shi ne ke isa wurin kai tsaye. Taba da shisha suna ƙona murya sannu a hankali. Cin tuwo da yaji a kwanta nan take na iya sa ruwan ciki ya taso ya ƙona maƙogwaro da dare, a wayi gari murya a shaƙe. Yawan gyaran murya da ƙarfi shi ma gogayya ne, kuma raɗa ba hutu ba ce ga muryar da ta dishe. Hutunta shiru ne.

Wanda ya yi biris, ƙananan ƙulluttai kamar kanta na iya fito masa a kan tsokokin, murya ta koma da huci, saman ta ɓace. Abin ba ya tsallake manya: a 2011 sai da mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta aka yi mata tiyata a maƙogwaro a birnin Boston. Lokacin yaƙin neman zaɓe ya fi kowane haɗari a nan, domin ƙananan mawaƙa kan wuni a bayan mota suna gasa da lasifika da janareta, gobe ma a sake.

Dishewar da ta wuce mako uku ba tare da mura ba, ko jin zafi wajen magana, ko ganin jini a kaki, magana ce ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Mafi kusa ga mutanen Funtua da Malumfashi akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Zariya, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna. Idan an je da wuri, sau da yawa hutu da gyaran yadda ake amfani da murya sun wadatar ba sai an kai ga wuƙa ba.

Makarantun koyon waƙa masu ba da takarda, irin ta MUSON a Legas ko sashen kiɗa na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, sun yi wa ɗan Maska nisa. Abin da ke kusa da shi su ne ragowar masu kalangu da masu ƙwarya da har yanzu ake kira biki, da ƙungiyoyin masu bege, da mawaƙan da suka riga shi waɗanda kullum suke neman mai amshi. Kafin ya taɓa kuɗin masara, akwai gwajin da zai iya yi a zaure: ya rera waƙarsa daga farko har ƙarshe sau uku a jere, abokai biyu na tafi suna amsawa, babu kiɗa, babu waya. Idan ya kai ƙarshen na uku muryarsa na nan yadda ta fara, kuma wanda ke wucewa a waje ya ji kowace kalma, mai situdiyo ba zai sha wahalar yanke-yanke ba, shi ma ba zai biya kuɗin zama na biyu ba.