Yadda ake ƙone ƙarin kan doki da haske

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san darajar doki a ƙasarmu. Daga Damagaram zuwa Tibiri, daga Tasawa zuwa Doso, ba a hawan salla sai da shi, kuma mutum ya kan hana ma kanshi hatsi ya ba dokinshi. Amma akwai wata cuta da ke kama doki a kai, wadda masu barga da yawa ke raina ma farkonta. Ta kan fara kamar ɗan tsiro a fatar ido, ko jan nama a lungun ido, ko kumburi a muƙamuƙi. Mai doki ya ce ƙuda ne, zai wuce. Bayan wata shida idon ya rufe.

Likitocin dabbobi sun rarrabe waɗannan tsire-tsire. Wanda ya fi yawa shi ne suke kira sarkoyid. Ƙari ne na fata, wani mai kaushi kamar ƙuraje busassu, wani ɗanye mai zubar da jini. Ƙwayar cutar da ke sa ma shanu tsiro a fata tana da hannu cikinshi, kuma jakuna da alfadarai ma suna kamuwa. Ba ya shiga huhu ko hanta, amma in aka taɓa shi ba da sani ba sai ya harzuƙa, ya dawo ya fi da girma. Na biyu sankara ce ta ainihi, mai cin nama. Tana son fatar da ba ta da baƙi, kuma zafin rana na taimakonta. Saboda haka dokin da ke da farar fuska da jar fatar ido, irin danda ko gunya, ya fi akawal shiga hatsari. Wannan sankara ta kan ci ido, ta kan kuma ɓuya cikin kogon hanci, sai dai a ga majina mai wari ko haɓo na fita ta ƙofar hanci guda. Kili kuwa, in ya tsufa, nashi ƙarin baƙi ne, a gindin wutsiya ko ƙarƙashin kunne.

Wahalar kai ita ce babu wurin yanka. In ƙari ya fito a cinya, likita na iya yanke shi har da lafiyayyen naman da ke kewaye, ya ɗinke. A fatar ido fa? In ya yanke da yawa, doki ba zai ƙara ƙifta ido ba, idon ya bushe ya mutu. In ya yanke kaɗan, saiwar ta saura. Nan ne likitocin Turai da Amurka ke komawa ga haske.

Wane irin haske ne?

Ba hasken rana ba ne, ba na fitila ba. Ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi ne a asibiti, wanda muke ce ma radiyo, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ya gano shi cikin 1895, sa'an nan Mari Kuri da mijinta suka gano ƙarfen radiyom a Faransa cikin 1898. Ido ba ya ganin wannan haske, jiki ba ya jin shigarshi. Yana ratsa nama ya kakkarya zaren gado da ke cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jiki. Ƙwayar sankara mai gaggawar hayayyafa ce, ba ta iya gyara ɓarnar da kyau, sai ta mutu wajen rabuwa. Lafiyayyar ƙwaya kuwa ta kan gyara kanta in an ba ta hutu. Shi ya sa ba a zuba hasken duka rana guda, kuma shi ya sa ƙarin ba ya faɗuwa nan take. Sai ya yi sati da sati, wani lokaci watanni, yana motsewa.

In cutar a sama-sama take, kamar a kan ƙwayar ido, likita ya kan fara kankare ta, sa'an nan ya ɗora wani ɗan ƙarfe mai sitoronciyom-90 a wurin, minti kaɗan. Faɗin ƙarfen bai kai na dala ba, kuma haskenshi ba ya wuce milimeta 2 zuwa 3 cikin nama, don haka cikin ido ya tsira.

In ƙarin ya yi kauri a fatar ido, sai a shigar da hasken cikinshi. Ana tsira siraran wayoyi na iridiyom-192 cikin naman, a bar su kwanaki, dokin na kulle shi kaɗai cikin ɗaki na musamman. Mai ba shi harawa ya ajiye ya fita da sauri, don hasken ba ya bambanta doki da mutum. A jami'ar Kalifoniya ta garin Debis an bi dawaki 115 da aka yi ma wannan aiki, aka buga sakamako cikin 1995: bayan shekara guda, fiye da 8 cikin 10 ƙarin bai dawo ba, bayan shekara biyar, wajen kashi uku cikin huɗu na masu sarkoyid suna nan lafiya, masu sankara kuwa sun ɗara 6 cikin 10. Daga baya aka samo dabarar da ta fi sauƙi. Ana sa ƴan bututu cikin ƙarin, inji ya tura ƙarfen ciki minti kaɗan ya janye shi, dokin na tsaye da allurar kwantar da hankali. A Niyumaket ta Ingila an yi haka sau biyu ga kowane doki, sati guda tsakani, kafin a rufe wannan cibiya cikin 2020. Shi iridiyom ɗin, cikin tukunyar nukiliya ake toya shi, irin wadda ke aiki da iraniyom da aka fara haƙowa a Arlit cikin 1971. Kuma ba ya ajiyuwa: kowane kwana 74 rabin ƙarfinshi na tafiya, sai an sayo sabo.

Ƙarin da ke can cikin kogon hanci ko cikin ƙashin muƙamuƙi, waya ba ta kai gare shi. Sai babban inji mai harbo haske daga waje, cikin ɗaki mai katangar siminti mai kauri ƙwarai. An ƙera injin don mutum ne, ga shi dokin Turai ya kan kai kilo 500. Sai an sa shi barci, an ɗaga shi da ƙugiya, an kwantar da shi kan tebur mai ƙarfi, a daidaita kan yadda ba zai gusa ba. Kai da wuya da ƙafafu su ne injin ke iya kaiwa cikin sauƙi. Jami'ar jihar Ohayo a Amurka na cikin wuraren da suka yi suna da wannan aiki. Ana iya maimaita shi har sau goma, kuma kowane zuwa sai an sa dokin barci. Wannan ba wasa ba ne, domin doki kan firgita wajen farkawa ya karya ƙafa. Wani babban ƙidaya da aka buga cikin 2002 ya nuna kusan doki 1 cikin 100 na mutuwa sanadin barcin fiɗa. Wanda ya warke kuma, gashin wurin kan zube ya fito fari, wani idon ya yi yana. Kuɗin aikin miliyoyi ne na sefa.

Mu fa a nan?

A Yamai an buɗe wurin magani da haske cikin 2021, a cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, da taimakon hukumar nukiliya ta duniya. Don mutane aka yi shi, kuma mata masu sankarar nono da ta mahaifa sun fi kowane ingarma cancanta. Amma ko can Turai, ƙaramin ƙari ne ya fi jin haske, kamar yadda ya fi jin wuƙa. Jan naman lungun ido, in an gan shi da wuri, likitan dabbobi na iya cire shi da ƙaramar fiɗa. In idon ya riga ya ɓaci, cire shi ya fi barin shi, doki mai ido guda na hawuwa yana kuma jan amalanke. Wani sarkoyid na gefen ido na jin allurar BCG, wadda ake yi ma jarirai don tarin huka, amma likita kaɗai ke yin ta, don ta kan bugar da doki. Kuma ba kowane jan nama ne sankara ba: da damina ƙudaje kan zuba ƴaƴan tsutsa a lungun ido su yi gyambo mai kama da ita, shi kuwa maganin tsutsa ke warkar da shi.

Saboda haka kada ku yi ma tsiron ido lalas, kada ku ɗaure shi da zare ko ku zuba mishi ruwan batir. Ku kafa turken mai farar fuska cikin inuwa, ku kwashe kashi daga barga don rage ƙuda, ku sa mishi tuntu a goshi. In kun ga tsiro, ku gwada shi da ƙwayar wake ko ta gujiya, ku riƙe ranar da kuka fara ganin shi, ku kai wannan bayani ga ma'aikacin kiwo na garinku tare da dokin.